Dokin Auta Ya Koma Bokiti

Akwai wata yarinya, autar gidansu, wadda ta fi kowa iya fushi. In ta turo baki, sai a rataya masa guga cike da ruwa bai ko lanƙwasa ba.

Ba da kowa take wannan fushi ba sai da Akawal, baƙin dokin da ke jan amalanken babanta.

Kullum da yamma in sun dawo daga aiki, Baba zai durƙusa gaban dokin. Zai shafa ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya. Wadda ya ji ta ɗau zafi, sai ya lafta mata yumɓu mai sanyi daga wani tsohon bokiti. Wadda ta sage kuma, ya murza mata man zafi daga wata koriyar kwalba.

"Baba, ni ma fa ƙafata ciwo take," in ji Auta. "Da ita na je makaranta na dawo."

"Sannu, uwata. Tsoma ta a ruwa."

"Ni ruwa, shi tausa? Wai a gidan nan wane ne ɗa, wane ne doki?"

Daga ranar ta raɗa wa Akawal suna Ranka-ya-daɗe.

Ran nan Malama ta ce gobe kowa ya gino dabba da yumɓu ya kawo. Auta ta dawo gida tana tunanin inda za ta samo. Tana shiga ta tarar Baba na sauri, zai kai Kaka asibiti.

"Auta, ƙafar Akawal ta gaba ta hagu ta yi zafi," ya ce. "Ki shafa masa yumɓu. Ɗan kaɗan ya rage, amma zai isa. Koriyar kwalbar nan kuwa, ko kallonta kada ki yi."

Auta ta leƙa bokiti. Yumɓu lukui, ba tsakuwa ko ɗaya. Ta dubi Akawal, shi ma ya dube ta yana tauna.

"Ranka-ya-daɗe, yau sai haƙuri," ta ce. "Magani ai magani ne."

Ta kwashe yumɓun tas. Ta tuttula wa ƙafar man zafi, ta naɗe da tsumma, ta ɗaure tamau. Sannan ta zauna ta gina doki. Kai, ya yi kyau. Har wani zakara sai da ya ba shi hanya.

Ba a jima ba Akawal ya fara buga ƙasa. Ya yi haniniya, ya ciji tsumman, gumi na tsattsafo masa.

"Ji rashin godiya," in ji Auta. "An yi maka gata kana yi wa mutane ihu."

Tana cikin faɗa Baba ya shigo. Hancinsa ne ya fara ba shi labari. Ya yanke tsumman da wuƙa. Ƙafa ta kumbura ta yi kamar turmi.

"Ɗebo ruwa da sabulu. Yi sauri."

Suka yi ta wanki, suka yi ta kwara ruwan sanyi. Akawal na rawar jiki, ya kasa taka ƙasa.

"Baba, ai shi ne da raki. Ba man nasa ba ne?"

Baba ya kamo hannunta ya ɗora a ƙafar. Ta ji zafi rau, ta janye.

"Wuta kika tarar, kika ƙara mata itace, kika kuma rufe ƙofa," ya ce. "Ke kina da bakin cewa ƙafarki na ciwo. Shi fa, da me zai faɗa? Allah ya taimake mu fatar ba ta ɗaye ba. In ƙafar nan ta lalace, Akawal ya gama tafiya ke nan. Miƙo yumɓu."

Bakin Auta ya koma ciki da kansa. Ta dubi bokiti, wayam. Ta dubi dokinta da ke shan iska a kan dakali, da ɗan wuyansa a lanƙwashe.

Baba ma ya gan shi.

Auta ta ɗauko shi da hannu biyu. Ta sa shi a bokiti, ta zuba ruwa, ta dama tana sharar hawaye. Ita da kanta ta durƙusa ta shafa wa Akawal. Can sai dokin ya sauke numfashi, ya sunkuyo ya hura mata iska a ƙeya.

Washegari Malama ta bi layi tana duba giwaye da kuliyoyi.

"Ke kuma ina taki dabbar?"

"Malama, doki na gina."

"Yana ina?"

"Yana ƙafar dokinmu."

'Yan aji suka fashe da dariya. Da Auta ta ba da labari, Malama ta ce ta sake gino wani in an samo yumɓu.

Bayan 'yan kwanaki kumburi ya saɓe, Akawal ya taka ƙasa garau. Da yammar nan Baba ya kawo sabon yumɓu. Ya gama da doki, sai ya juyo.

"Ranki ya daɗe, miƙo ƙafar."

Ya lafta mata har idon sawu. Sanyi ya ratsa ta, ta yi ta ƙyalƙyala dariya.

Tun daga nan Auta ta gane cewa kowane ciwo da maganinsa. In babba ya ce ga wanda za a shafa, ba a musanya shi da wani. Kuma dabbar da ba ta da bakin kai ƙara, amana ce a hannun mai ita.