Lorna da Ƙararrawar Shanu

Na manta shekarar, yara. Har launin rigar da 'yan ƙwallon kwandonmu suke sawa ya ɓace mini; wata rana in ce koriya ce, wata rana shuɗiya. Amma yarinyar ban manta da ita ba. Sunanta Lorna, ɗaliba a wata ƙaramar kwaleji a jihar Indiyana ta Amurka, inda na koyar da tarihi tun gashina yana baƙi.

A gonar masara Lorna ta tashi. Tun tana ƙarama babanta ya kafa mata kwando a ɗakin shanu. A nan ta koyi jifa ita kaɗai, ba motsin kowa sai shanu suna tuƙa. Burinta ɗaya ne: ƙungiyarsu ta ci kofi, ta hau tsani ta yanko zaren ragar kwando, kamar yadda zakaru ke yi.

Kocinsu, Madam Ritter, tana da wata ɗabi'a. In an zo koyon jifan kyauta, wanda ake ba ɗan wasan da aka yi wa ƙeta, sai ta sa sauran su yi ta ihu suna buga gwangwanaye.

"Koci, wannan ai wasan yara ne," in ji Lorna. "Ni ba na ɓarar da jifa."

"A gaban shanu ba," in ji Madam Ritter. "Shanu suna da ladabi."

'Yan mata suka kwashe da dariya. Lorna ta ji haushi. Tun daga ranar, da an ɗauko gwangwanaye sai ta sulale.

Rannan suka je wasa a kwalejin maƙwabta. Ana dab da tashi, an fi su da maki ɗaya, sai aka yi wa Lorna ƙeta. Aka ba ta jifa biyu. Ɗaliban da ke bayan kwando suka miƙe suna kaɗa tawul.

"'Yar ƙauye! Koma ki tatsi nono!"

Lorna ta ɗaga ƙwallo. Jifa na farko ya bugi ƙarfe. Na biyu ko ƙarfen bai taɓa ba.

Ta koma gida tana kuka. "Baba, ai na fi kowa son mu ci!"

"Su ma suna so, 'yata," in ji shi. "Ke shiru kika shirya wa, sai aka tarbe ki da hayaniya."

Lorna ta je ta ba kocinta haƙuri. "Ɗauki ƙwallo," kawai Madam Ritter ta ce, ta miƙa wa sauran gwangwanaye.

A gida ma ba a bar ta ba. Duk ƙarshen mako sai a taru a ɗakin shanu. Ƙanenta Dwight yana kaɗa ƙararrawar saniya, Kaka tana gwara murafan tukunya.

"Hannu kamar dafaffiyar taliya!" Kaka ke ihu. "Ni da tsufana na fi ki!"

Da farko Lorna ta yi ta ɓararwa. A hankali ta daina jin su.

Wasan kofi ya sake haɗa su da maƙwabtan nan. Aka sake ba ta jifa biyu a ƙarshe, tawul ya sake tashi. Lorna ta yi murmushi. "Ko rabin muryar Kaka ba su kai ba," ta ce a ranta. Duka biyun suka faɗa raga, ƙungiyarsu ta ci kofi.

Da ta sauko daga tsani da zarenta, Madam Ritter ta rungume ta. "Kin gani? Son abu kaɗai ba ya isa. Sai an saurari mai koyarwa, an kuma shirya wa ranar wahala."

Bayan shekaru na bi ta gonar. Zaren yana nan, ɗaure a jikin ƙararrawar. Rigar kuwa, na tambayi Dwight: ashe ja ce.