Mutum Nawa Gajere Ya Tsallakar?

A gidansu Auta, duk wanda ya shiga ɗakin Kaka ya san ba zai fito da wuri ba. Ita kuwa can ne wurin zamanta. Da ta dawo daga makaranta sai ta yar da jaka, ta nufi ɗakin.

Ɗakin ƙarami ne. Akwai gadon ƙarfe mai ƙara, da kujera ɗaya, da rediyon da sai an mare shi yake magana. Kaka shi ne mahaifin Abbanta, kuma tsohon soja ne. Ya je yaƙi tun Abba bai zo duniya ba, ya dawo yana ɗingishi.

Labarinsa ɗaya ne kullum, labarin abokinsa Gajere, wanda ya daɗe da rasuwa.

"Allah sarki, jiya ba yau ba!" in ji Kaka. "Lokacin gashina baƙi wuluk, haƙorana cif. Ni da Gajere kwano ɗaya muke ci, bargo ɗaya muke rufa. In ya fara waƙa, har kwamanda sai ya toshe kunne."

"Kaka, ka kai mu wurin kogin mana!" in ji Auta.

"Ke dai ba ki da haƙuri, sarkin gaggawa. To, gada ta karye. Ruwa ya kawo wa Gajere iya wuya. Haka ya riƙa goya waɗanda suka ji rauni yana tsallakar da su. Mutum ashirin da shida!"

Abba ya leƙo ta ƙofa yana dariya. "Baba, ina yaro mutum takwas ka ce mini."

"Kai, tafi can! Kana wurin?"

Kowa a gidan ya san lissafin Kaka ƙaruwa yake yi. Ba wanda ya damu. Daɗin labarin ake ji.

Wata rana a ajin kwamfuta, Malama ta nuna musu babban kundin sani na intanet.

"A nan za ku sami bayanin garuruwa da dabbobi da mutane," in ji ta. "'Yan sa-kai ne suke rubuta shi. Kowa yana iya gyarawa, amma akwai ƙa'ida. Za mu zo kanta mako mai zuwa."

Auta ba ta ji ƙarshen maganar ba. Tuni ta rubuta cikakken sunan Gajere a wurin nema. Sai ga shafi ya buɗe! Layi kaɗan ne, da hoton wani ɗan gajeren soja mai manyan kunnuwa.

Ranar da gudu ta koma gida. Ta ari wayar Abba, ta kai wa Kaka.

Kaka ya sa tabarau. Ya kawo wayar kusa da hancinsa. Ya daɗe yana kallo.

"Shi ne," ya ce a hankali. "Ga kunnuwan nan. Gajere, ashe zan sake ganin fuskarka?"

Ba shi da hoton abokinsa ko ɗaya. Hawaye ya gangaro masa, bai ma share ba.

"Karanto mini," ya ce.

Auta ta karanta. An ce an ba Gajere lambar yabo. An ce ya tsallakar da mutum uku a kogi.

"Uku?" in ji Auta. "Uku kacal?"

Kaka ya ce, "Uhm."

Wannan "uhm" ɗin ya tsaya wa Auta a rai. Ta ɗauka Kaka haushi ya ji. Ta ce a ranta, "An rage wa Gajere daraja. Ni zan gyara."

Washegari ta sake aron wayar, ta danna wurin gyara. Ta goge uku, ta sa ashirin da shida. Ta ƙara labarin bargo da na waƙa. Sai ta ga wasu ƙananan lambobi a ƙarshen layuka. Kullum suna sa ta tuntuɓe wajen karatu. Ta share su. A can ƙasa kuma ga dogon sunan wani littafi da shekara.

"Wannan kuma na mene ne? Ɓata wuri kawai!"

Ta share shi, ta rubuta: "Kakana ne ya faɗa, kuma yana wurin."

Ba ta gaya wa kowa ba. So take ta ba Kaka mamaki.

Bayan 'yan kwanaki ta shiga ɗakin tana murmushi. Kaka ya gyara zama a bakin gado.

"Yauwa, kawo mini mutumina mu gaisa."

Ta buɗe shafin. Sai ta ga wani akwatin rubutu a samansa. Ta fara karantawa da ƙarfi kafin ta gane abin da yake cewa.

"Wannan shafi ba shi da madogara. Ba a nuna cewa mutumin ya shahara ba. Idan ba a kawo hujja ba, za a goge shi."



"A goge?" in ji Kaka. "Har da hoton?"



Kaka ya cire tabarau, ya ajiye a kan gado. "Ashe sau biyu zan rasa Gajere," ya ce.

Wayyo! Da ma duka ya yi mata, da ya fi mata sauƙi. Ta fashe da kuka, ta faɗa masa duk abin da ta yi.

Kaka bai yi faɗa ba. Ya dafa kanta ya ce, "Garin neman gira kin taɓa ido. Je ki tambayi wanda ya sani."

Da safe, tun kafin a buga ƙararrawa, Auta ta sami Malama a ɗakin kwamfuta. Ta yi bayani kanta a sunkuye.

Malama ta jawo mata kujera. "Zauna. Kin san aikin ƙananan lambobin nan?"

"A'a, Malama."

"Kowace lamba tana nuna inda aka samo magana. Littafi kaza, shafi kaza. Shi ake kira madogara. Mai shakka sai ya je ya duba da idonsa."

"Amma Kaka yana wurin. Shi ba shaida ba ne?"

"Shaida ne a gare ku. To, yaron da yake wata ƙasa fa? Zai iya zuwa ɗakin Kakanki ya tambaye shi?"

Auta ta girgiza kai.

"Kin gani. In kowa ya rubuta abin da kakansa ya ce, wa zai raba gaskiya da ƙari?"

"To me ya sa suka ce bai shahara ba?"

"Sojoji dubbai suka je yaƙin nan," in ji Malama. "Kowanne babban mutum ne a gidansu. Amma kundin yana buɗe shafi ne ga wanda jaridu da littattafai suka yi bayaninsa sosai. Kuma marubutan su zama ba danginsa ba ne, ba abokansa ba. Wannan ba raini ba ne. Ƙa'ida ce."

Malama ta danna wani wuri. Sai ga tsohon rubutun ya dawo, da lambobinsa da komai. Auta ta yi ajiyar zuciya.

"Kar ki yi murna tukuna," in ji Malama. "Littafi ɗaya ne tak a nan. Yanzu ido ya dawo kan shafin, suna neman ƙari. Ke kika jawo, ke za ki nemo."

Ranar Asabar Abba ya kai su babban laburare. Kaka ya ce ƙafarsa ƙafarsu. Ya goge takalmansa har suna ƙyalli, ya ɗauki sanda.

A wani ɗaki na baya aka ajiye tsofaffin jaridu. An ɗinke su manya-manya kamar ƙofar taga. Takardun sun yi ja, suna warin daɗewa. Kaka ya faɗi shekarar, mai kula da ɗakin ta sauko musu da ɗaurin.

Nan fa aiki ya tsaya! Duk shafin da aka buɗe sai Kaka ya ce a dakata.

"Kai, ga sabulun da muke wanka da shi! Ga irin kekena! Wannan titin, da duk itatuwa ne."

"Baba, ba yawon tuna baya muka zo ba," in ji Abba.

"Ƙyale ni, yaro. Na ga 'yan'uwana."

Auta ta yi ta buɗawa har yatsunta suka yi baƙi. Ta yi atishawa ta gaji. Can sai ta daka tsalle.

"Ga kunnuwan! Ga shi nan!"

Rabin shafi guda aka ba Gajere. Bayan haka suka sami wani littafin tarihi mai babi a kan ranar da gada ta karye. Auta ta rubuta sunan jaridar da kwanan wata. Ta rubuta sunan littafin da lambar shafi. Amma duka biyun abu ɗaya suka ce: mutum uku.

Ta dubi Kaka. Ba ta son ta kunyata shi.

"Kaka," ta ce a hankali, "su ma uku suka ce."

"Uku ne," in ji Kaka.

Abba ya ɗago kai. "To ina ashirin da shida?"

Kaka ya shafa gwiwarsa mai ciwo. "Na ukun ni ne."



"Harsashi ya same ni a nan. Na ce ya bar ni, ya ƙi. Ya ce in na mutu wa zai saurari waƙarsa? Ya goya ni. Ruwa yana shiga bakinsa yana tofarwa, har muka kai gaɓa." Kaka ya dubi Abba. "Da ya bar ni, da babu kai. Babu ƙannenka. Babu wannan sarkin gaggawar. Shi ya sa duk haihuwar da aka yi a zuriyata sai in ƙara ɗaya. Duk a bayansa kuka tsallake."

Abba ya juya fuska yana share ido. Auta ta rungume hannun Kaka, ta ƙi saki.

Ranar Litinin ta zauna kusa da Malama. Ta sa jaridar, ta sa littafin, kowanne da lambarsa. Ta rubuta wa masu lura da kundin cewa ita ce ta yi kuskure, kuma ta ba da haƙuri.

Sai yatsunta suka tsaya a kan layin mutum uku. Tana so ƙwarai ta ƙara cewa ɗayansu Kakanta ne. Gaskiya ce kuwa! Amma jaridar ba ta faɗi sunayensu ba, littafin ma haka.

Ta janye hannunta.

"Madalla," in ji Malama. "Wannan labarin na gidanku ne. Ki ɗauki muryarsa a waya, ku adana wa na baya."

Kafin mako ya ƙare aka cire akwatin gargaɗin. Wani daga cikin masu lura ya rubuta mata: "Mun gode da madogara masu kyau." Shafin Gajere ya tsira, da hotonsa.

Auta ta kai wa Kaka albishir. Ta ce, "Amma ban sa sunanka ba, Kaka. Ba ni da hujja."

Kaka ya yi dariya har gadon ya yi ƙara. "Me zan yi da shafi? Ni na sani, yanzu ke ma kin sani. Karanto mini mutumina. A hankali fa."

Ta karanta, tana kaiwa kan uku ta faɗe shi da ƙarfi, ba kunya.

Daga ranar Auta ta koyi darasi. Kada ka goge abin da ba ka san amfaninsa ba, ka fara tambaya. In za ka rubuta wa duniya magana, ka nuna inda ka samo ta. Mutumin kirki kuma ba ya bukatar a yi masa ƙari, gaskiyarsa ta ishe shi.