Muryar Ofis

"Me kika ce?"

Ta ɗago daga kan wayarta ta dube shi. Yana zaune a bakin kujerar falon Innarta, hularsa a gwiwa, garin katako bai gama fita daga farcensa ba.

"Cewa na yi ka yi haƙuri, na fahimci damuwarka, za a duba lamarin..."

"Za a duba! Wa zai duba? Ina gaya miki Yayata ta samo min wata, ke kina ce min za a duba?"

Sai a lokacin ta ji abin da bakinta ya furta.

A kamfanin wayar da take aiki, ita ke amsa kiran masu ƙorafi. Wuni take a wani ɗan akurki, abin sauraro maƙale a kunne. A zage ta, ta ce ta gode. A haɗa da iyayenta, ta tambaya ko akwai wani abin da za ta taimaka. Madam, shugabarsu, tana sauraro daga ofishinta, duk wadda muryarta ta ɗan tashi a rage mata maki. Ita ba a taɓa rage mata ba. Shi ya sa kowa ya yi fashi ita ake kira, har ranar hutunta.

"Da can faɗa kike min," ya ce. "In na makara ki haɗe rai, in yi ta lallashi. Yanzu fa? Yaya ta ce ba kya sona. Wai ta gwada ki da baƙar magana, kika yi mata godiya!"

"Raina zan yi mata?"

"Ni ban ce ba. Amma wallahi na gaji da zance da kamfani, masoyiya. Ke na ce zan aura."

Ta lalubi ƙirjinta ko za ta sami fushi, ko kishi, ko wani abu. Wayam. Tana sonsa, wannan ta sani, amma kamar yadda mutum ya san yana da kaya a ɗakin da aka kulle. Haƙurin da kowa ke yabonta da shi, nata ne kuwa, ko na waɗanda suka saya?

Wayar ta yi ƙara. Madam.

Ya miƙe ya sa hularsa. "Ɗauki. Kada a rage miki maki."

Ta ɗauka.

"Ƙanwata ta kaina! Wata ba ta zo ba, yi maza ki riƙe mana na yamma. Na san ke ba kya musu."

Ta bi shi da ido. Ya sunkuya a bakin ƙofa yana sa takalmi, kuma wannan karon ba jan ƙafa yake don ta tsayar da shi ba. Tafiya zai yi.

"Ba zan zo ba."

"Na'am?"

"Yau hutuna ne, Madam. Ba zan zo ba!"

Ta kashe wayar gaba ɗaya. Gobe akwai magana a ofis, ta sani. Amma abin da ya taso mata bai tsaya nan ba.

"Kai kuma, Malam Kafinta, dawo nan! Wace ce?"

Ya juyo, takalmi ɗaya a ƙafa. "Ƙawar Yaya ce... ta zo shago wai tana son gado."

"Ka yi mata?"

"Awo kawai na..."

"Awo! Ni ina can ana zagina tun safe, kai kana nan kana wa wata awon gado? Kana dariya? Wallahi ka sake dariya..."

Muryarta ta karye. Kuka ya zo mata, mai sauti, marar kyan ji, irin wanda ta manta yadda ake yi.

"Na gaji," ta ce. "Na gaji ƙwarai..."

Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. "Na sani, zuciyata. Ƙarasa faɗan, ba inda za ni."

Labule ya motsa, Inna ta leƙo. "Wa ke ɗaga murya a gidana?"

"Ni ce, Inna!"

Inna ta daɗe tana kallon fuskar 'yarta, jage-jage da hawaye.

"To, sannu da zuwa," ta ce, ta saki labulen.