Kurkum ɗin Bakin Ƙofa

Da hantsi Wagiman ya sa fartanya ya tone kurkum ɗin da ke bakin ƙofarsa. Sadakar arba'in ɗin matarsa Sumirah za a yi, ana neman abin rina shinkafa. Mutumin kirki ne, sai dai Allah Ya yi shi da rashin tambaya. Shekara da shekaru kurkum ɗin lambun baya Sumirah take tonowa, wannan kuwa ko ganyensa ba ta tsinka, shi kuma bai taɓa cewa don me ba.

Aka ci shinkafa, baƙi suka watse. Ana kiran magariba kwaɗin fadama suka yi tsit, sai dutse ya faɗo kan rufi, wani ya biyo. Tumini, 'yar da ta rage masa a duniya, ta ajiye kwano ta fita, ta durƙusa a ramin da aka tone kurkum tana yaƙushin ƙasa. Da ya ɗago ta, har farin idonta ya koma rawaya. Ta daina ci, ta daina barci, kullum magariba tana ramin. Wagiman ya tsorata, ya je ya ɗauko Mbah Solikin, tsohon malamin ƙauyen.

Malamin ya zauna ya yi ta karatu har yarinyar ta buɗe baki da wata murya ta jarirai.

"Wane ne kai?" in ji shi.

"Ƙaninta. Tare aka haife mu. Ita aka goya, ni aka binne."

Mbah Solikin ya juyo a hankali. "Wagiman, ina ka binne mabiyiyar yarinyar nan?"

Wagiman da hannunsa ya binne ta a wurin, cikin tukunya, ya kunna mata fitila kamar yadda kowa ke yi a ƙauyen, inda ake ɗaukar mabiyiya a matsayin ƙanin jariri, sannan ya manta. Sumirah ce ta dasa kurkum a kai don kada a taka.

"Da tana raye, kullum magariba uwarmu takan yi mini magana," in ji muryar. "Kai kuwa Wagiman, ga shi ka cire mini rufi ka ciyar da baƙi da shi. Ku ba ni 'yar'uwata."

Malamin ya ce, "Ba za ka same ta ba. A maida maka rufinka, a kunna fitila."

"Bai isa ba. Uwar tamu ce mu biyu, amma 'yar'uwata ce kaɗai ta sha nono, ta ji ɗumi. Ku ba ni duk abin da ta riƙe na uwar a ranta."

Malamin ya dubi Wagiman. Wagiman ya dubi 'yarsa, duk ta ƙare sai ƙashi, ya gyaɗa kai yana kuka.

Jifa ya tsaya. Tumini ta yi barci, ta tashi ta ci abinci sosai. Da yamma ta tarar da mahaifinta yana maida kurkum a ramin, zanen Sumirah a kafaɗarsa.

"Bapak," ta ce, yadda ake kiran uba a ƙauyen, "wannan zanen na wace ce?"