Awa Takwas a Tashar Kochi

Ranar da Thasni ta fara ganin Jamsheer, mutum guda ne ya ɓace mata.

Babban jirgin ruwan 'yan yawon shaƙatawa ya iso tashar Kochi ƙarfe tara na safe, zai tashi biyar na yamma. Aikinta shi ne ta kwashi baƙi a bas, ta zaga da su bakin teku inda manyan komayen masunta suke rataye, ta kai su tsohuwar coci da layin masu kayan yaji, tana gaba da lema ruwan ɗorawa a ɗage don su riƙa hango ta. Ƙarfe huɗu saura ta leƙa bas, ta ga kujera ɗaya babu kowa.

Ma'aikacin jirgin da ya rako baƙin ya matso, dogo, da farar riga mai sunansa, Jamsheer, a ƙirji. Ta zaci da Turanci zai yi mata faɗa, sai ta ji yarenmu na nan Kochi a bakinsa, irin na mutanen tsibirin Vypin da ke tsallaken ruwa.

"Dattijon nan ne mai hular kaba. Kada ki tsorata, zo mu duba bakin ruwa."

"Ni ban tsorata ba."

"To lemarki ce take rawa."

A kan wani benci suka same shi, ya zuba wa teku ido, hawaye na bin gemunsa, hoton wata tsohuwa a hannunsa. Tare da matarsa suka shirya tafiyar, ta rasu saura wata biyu. Jamsheer bai duba agogo ba. Ya zauna kusa da shi, ya riƙe masa hannu, har tsohon ya miƙe don kansa. Thasni tana tsaye tana kallonsu, ta manta da bas ɗin gaba ɗaya.

Kafin su rabu ya karɓi lambarta, wai saboda aiki. Bayan magariba saƙonsa ya shigo.

"Mai lema, mun fita daga bakin tasha. Dattijonki ya ci abinci, ya ce in gode miki. Ni ma na gode. Bayan sati biyu za mu dawo. Jamsheer."

Haka jirgin yake zagayensa duk rani, Mumbai, Goa, Kochi, Colombo, sannan ya juyo. Awa takwas yake yi a wurinmu, kuma a cikin awa takwas ɗin da ƙyar suke samun minti ashirin nasu, yayin da baƙi suke cinikin barkono da kirfa. Sai su tsaya a rumfar mai shayi, a ba su soyayyar ayaba a takarda.

"Daga nan ana hango rufin masallacin unguwarmu," ya ce mata wata rana yana nuna tsallake. "Ummata tana bayan wancan rufin. Wata biyar rabona da ita, ga ni ga ta. In na samu izini sai ya zama babu lokacin kwale-kwale."

"Ba ta jin haushi?"

"Fitowa take bakin ruwa ta ɗaga wa jirgin hannu. Ba ta san ta wace taga nake ba, sai ta ɗaga wa dukansu."

Thasni ta sunkuyar da kai, ba ta ƙarasa shayinta ba.

A zuwa na shida ya ce yana so ya turo manyansa. Ta rubuta masa da yamma: "Ikka, ka ba ni lokaci in yi wa Umma magana. Ba ka san gidanmu ba." Wannan ne karon farko da ta kira shi Ikka, sunan da mace take kiran yayanta ko mijinta. Ya karanta ya fi a ƙirga.

Duk unguwar Mattancherry mun san gidansu. Mahaifin Thasni, wanda take kira Uppa, kuku ne a jirgin dakon kaya, shekara ashirin da biyu yana zuwa gida wata uku a shekara. Ciwon zuciya ya kashe shi a tsakiyar teku, aka sauke shi a wata tasha a kudancin Afirka aka binne. Akwatinsa kawai ya dawo. Tun daga nan matarsa Fousiya ta shiga cikin matan da suke wankan gawa a unguwa, kuma ba ta ƙara bi ta hanyar tasha ba.

Fousiya tana murza garin shinkafa Thasni ta faɗa mata. Hannunta ya tsaya.

"A ina yake aiki?"

"A jirgi, Umma. Amma ba irin na Uppa ba ne, wannan..."

"A kan tudu yake tafiya?"

Fousiya ta juyo ta kalle ta, ta ci gaba.

"Na haife ki yana ruwa. Kin yi ƙyanda yana ruwa. Ya mutu ban rufe masa ido ba. Kina so in kama hannunki in zaunar da ke a tabarmar da na tashi? Ki kawo mini mai tura baro, zan sa albarka. Mutumin ruwa kuwa, sai dai bayan raina."

Ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa maganar ta fi ciwo.

A layin kayan yaji akwai Noufal, mai babban shagon da bas ɗin Thasni yake tsayawa. Ya daɗe yana sonta, kuma Fousiya tana ganin girmansa don kullum a gida yake kwana, ba a ruwa ba. Ba mugu ba ne, amma da ya ga inda hankalin Thasni ya karkata sai kishi ya rufe masa ido. Wata rana ya miƙa mata wayarsa.

"Wani baƙo ne ya turo mini hotunan tafiyarsu. Wannan ba mutumin naki ba ne?"

Jamsheer ne, cikin baƙar kwat, yana rawa da wata Baturiya, hannunta a kafaɗarsa, yana dariya.

"A kowace tasha akwai mai lema, Thasni," in ji Noufal. "Ke dai launin taki ne daban."

Ranar ce zuwan jirgin na ƙarshe kafin damina, daga nan zai wuce tekun Turai sai bayan wata bakwai. Ba ta je rumfar mai shayi ba. Da ta mayar da baƙi tasha ta miƙa wa Jamsheer takardar sunaye ba tare da ta kalle shi ba. Daga baya ta tura masa hoton da layi ɗaya: "Allah ya ba ka wadda ta dace da kai. Kada ka sake nemana."

Amsarsa ta zo jirgin bai gama fita ba.

"Lu'ulu'una, daren liyafa ne, ana sa mu rawa da baƙin da suka zo su kaɗai. Matar ta girmi Ummata. Kin fi kowa sanin aikin nan. In wani abu ne daban ki faɗa mini gaskiya, zan iya ɗauka."

Ta karanta, ta kife wayar.

Damina ta sauka kamar yadda ta saba, ruwa ba dare ba rana, bango ya yi gansakuka, tasha ta zama fayau. Babu baƙi, babu aiki. Thasni ta rame. Mutanen Noufal suka zo gaisuwa sau biyu, ta fito da shayi ta koma ɗaki. Fousiya tana gani, tana kawar da kai.

Cikin watan Yuli wata mata ta kira ta.

"Sajna ce, yayar Jamsheer. Ummarmu tana asibiti, numfashinta ya yi nisa. Ta ce tana so ta ga yarinyar da ɗanta yake ba ta labari. Na san abin da ya shiga tsakaninku. Don Allah."

Thasni ta yafa mayafi ta hau kwale-kwale cikin ruwan sama. Ta tarar da 'yar tsohuwa ƙarama a gado, sunanta Nabeesa, idonta sak na Jamsheer. Tsohuwar ta shafa mata fuska ta ce ashe bai yi ƙarya ba. Aka kira shi ta waya, Thasni ce ta riƙe wayar. Jirginsu yana tsakiyar ruwa, hoton yana tsayawa, murya tana yankewa.

"Umma, kina jina? Umma, ina nan tafe..."

"Ka ci abinci?" shi ne abin da tsohuwar take ta maimaitawa. Sai layin ya katse.

Washegari da hantsi ta cika. Sajna ta rikice, matan unguwarsu masu wanka ɗaya ba ta da lafiya, ɗaya ta yi tafiya. Thasni ta kira gida tana kuka. Fousiya ba ta tambayi uwar wane ne ba, duk da ta sani. Ta ɗauko jakarta ta tsallako. Ita ta yi wa Nabeesa wanka, ita ta naɗe ta a likkafani.

Sai bayan kwana tara Jamsheer ya iso. Daga maƙabarta ya wuto gidansu Thasni, laka har ƙaurinsa. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai shiga ba.

"Na zo godiya ne, Umma. Ba wata magana na kawo ba."

Fousiya ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce ya shigo daga ruwan. Ya zauna a bakin tabarma.

"Yaya fuskarta take?" ya tambaya da ƙyar.

"Kamar mai barci. Jikinta da laushi, ba ta ba mu wahala ba."

Ya rufe fuska da hannu biyu. "Ranar da aka binne ta ina raba wa baƙi tikitin yawo, ina murmushi. Na shiga ɗakin ajiya na yi mata salla ni kaɗai. Ko'ina na duba ruwa ne, babu inda mutum zai sa ƙafa ya gudu gida."

Thasni tana bayan labule ta ji muryar uwarta ta sauya.

"Lokacin da mahaifiyar mijina ta rasu, shi ma yana ruwa. Da ya dawo na yi sati ban yi masa magana ba. Ban taɓa tambayarsa yadda ya yi a can ba." Ta goge ido da bakin mayafi. "Ni dai nawa na sani, na wadda aka bari."

Ta kira Thasni ta kawo masa shayi, ita kuma ta tashi ta shiga madafa, ta bar ƙofa a buɗe.

"Na san hoton nan ba komai ba ne," Thasni ta ce, idonta a ƙasa. "Tun ranar na sani. Tsoro nake ji, na rasa yadda zan rabu da kai, sai Noufal ya miƙo mini dalili."

"Har yanzu kina tsoron?"

"Ina ji."

"Ba zan yi miki ƙarya ba, akwai sauran zango ɗaya a yarjejeniyar aikina, wata takwas. Bayansa zan nemi aiki a tasha, ko da ɗaukar jakunkuna ne. Amma wata takwas ɗin nan sai na yi su."

Daga madafa Fousiya ta ce, "A nan za ta zauna in ka tafi, ba ita kaɗai a Vypin ba. Kuma duk abin da ya faru a gida ba za a ɓoye maka ba, kai ma kada ka ɓoye mata. Ka ce wa kawunka ya zo bayan arba'in."

Noufal da ya ji, ya aiko da kayan yajin biki gaba ɗaya, bai zo da kansa ba.

A farkon Satumba aka ɗaura auren a masallacin unguwa, baffan Thasni ya yi walicci. Ba a yi taro mai yawa ba saboda rasuwar. An dafa shinkafar biryani, mata sun zagaye amarya da tafi a hankali, Sajna tana sa mata 'yan kunnen Nabeesa tana kuka. Ana ta yayyafi har la'asar.

Da mutane suka ragu, Jamsheer ya zauna kusa da ita, ya kama hannunta mai lalle.

"Saura wata biyu da kwana uku in koma."

"Kada ka ƙirga mini, Ikka. Yau dai kana nan."

Fousiya ta shigo, ta tsaya a kansu, ta ɗora hannu ɗaya a kan 'yarta, ɗaya a kan surukinta.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mata da kai da ƙafarka. Ku tsufa a ɗaki ɗaya."

Suka ce amin, su ukun suna hawaye.