Mai Gurasa a Ƙofar Kurkuku

A can wani zamani, lokacin da ambaton sunan Almasihu kan sa a fille wa mutum kai, an yi wata gwauruwa mai gasa gurasa. Matsoraciya ce ta gaske, ko takun soja ta ji sai ta ruga ta ɓuya.

Wata rana aka kama waɗansu masu bi aka kulle, ba ci ba sha. Da sauran suka taru a ɓoye, ta yi alkawari a gaban Allah cewa gashin gobe duka na waɗanda aka kulle ne.

Da safe maƙwabciyarta ta ce, "Haba 'yar'uwa, aika da rabi ta hannun wani mana! Wa zai sani?"

Ta ce, "Wanda na yi wa alkawarin." Ta ɗauki kwando cike, ta nufi kurkuku.

A ƙofar kurkukun akwai gunkin sarki, wani dutse mai ƙaton hanci, da kaskon wuta a gabansa. Duk mai shiga sai ya zuba turare, ya ce sarki ne ubangiji.

Mai gadi ya miƙo mata turaren. "Ɗan kaɗan kawai, Iya. Zuba ki wuce."

Ta ce, "Ɗana, Ubangijina ɗaya ne."

"To, wanda ya ƙi zubawa yana shiga, amma ba ya fita!"

Ta waiga ta dubi hanyar gida. Can ciki wani tsoho yana ta tari.

Ta ce, "Buɗe, kada gurasar ta huce."

Aka ingiza ta, aka ja sakata. Ta zauna a ƙasa tana gutsura musu, hawaye na zuba, ba ta tsallake kowa ba.