Jan Biro a Katin Bilya

Safara'u tana durƙushe a tsakar gidan Malam Gide, yayan mijinta, rana na dukan ƙeyarta, ga wani ɗan kati a ƙasa gabanta inda Malam Gide ya wurgo mata shi kamar mai watsa wa kaji tsaba. Ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma tana da ido. Ta ga jan biro ya cika katin tun daga sama har ƙasa, kuma ta tuna cewa na zangon da ya wuce babu ja ko ɗigo a cikinsa. Malam Gide ya gyara zama a kan buzu, ya ɗaga murya yadda matan da ke laɓe bayan danga za su ji da kyau, ya ce an karanta masa komai: ɗanta Bilya ne na ƙarshe a ajinsu, kuma kwanakin da bai je makaranta ba sun fi waɗanda ya je.

"Ki hwaɗa mani inda kike kai ɗan ƙanena," in ji shi. "Talla kike ɗora mashi, ko kuwa rakiya shike maki wajen yawonki?"

Hawaye suka zubo mata. Ta ce, "Yaya, wallahi kullum da hannuna nike sa mashi riga. Ina tsaye bakin ƙohwa har shi ɓace mani. Wanga kati ba gaskiya ba ne."

Malam Gide ya yi wata 'yar dariya, ya ce to gwamnati ce ke ƙarya ke nan, ita ce mai gaskiya.

Allah sarki, Safara'u! Shekarun nan ne da kuɗin man fetur suka ɓarke a ƙasa, samarin ƙauye suka riƙa jingine fartanya suna tafiya birni leburanci. Mijinta Inusa ya bi ayari zuwa Kaduna, gini ya rufto masa, aka aiko mata da rigarsa da agogon da bai daɗe da saye ba. 'Ya'yanta biyu na farko ƙyanda ta riga ta ɗauke su, saura Bilya kaɗai, ɗan shekara bakwai. Inusa ya bar fadama mai kyau da shanun huɗa, dattawa kuma suka yanke cewa dukiyar ta yaro ce, tana hannun duk wanda yaron ke hannunsa. Safara'u ta ƙi komawa gidan iyayenta a Ketare, ta zauna a ɗakinta a 'yar unguwarsu da ke bayan Tafoki, tana matsar man gyaɗa tana toya ƙuli-ƙuli. Tun daga ranar Malam Gide ke kallon fadamar nan yana haɗiyar miyau. Da gwamnati ta buɗe makarantun kyauta aka ce kowace unguwa ta ba da yaro, sai ya tura nasa 'ya'yan cikin rumbu har masu rubuta suna suka wuce, ya kamo hannun maraya ya miƙa. Shi ya sa Bilya kaɗai ke bin hanyar makaranta daga unguwar, ba abokin tafiya. Abin da Malam Gide bai zata ba shi ne yaron ya ɗauko na ɗaya a zangon farko, har mai gari ya shafa masa kai a gaban jama'a.

Safara'u ta ɗauki katin ta ƙulle a bakin zane. Zuciyarta ta fara raya mata cewa wanda ya karanta wa Malam Gide ne ya ƙara gishiri, don haka ta nufi ɗakin shan magani wurin Tabita ungozoma, wadda ta yi karatu a makarantar mishan kuma ba ta da abin da za ta ci a maganar. Tabita ta duba katin, ta juya bayansa, ta sake dubawa, sannan ta dafa kafaɗar Safara'u ta ce ba a ƙara ko kalma ba, abin da aka faɗa mata shi ne a rubuce. To in ba mai karatu ba ne, ashe mai rubutu ne! Nan take zarginta ya koma kan malamin ajin, Malam Abdulkarim, wani matashi da ko gemu bai gama fito masa ba, wanda aka yi wa horon gaggawa aka damƙa masa alli. Ta tuna an ce an ga Malam Gide a harabar makaranta, shi da ko inuwar boko ba ya son tsallakawa. Me ya kai shi? Me ya ɗauka ya kai? Ta riƙa juya abin a ranta har ta tabbatar wa kanta cewa an sayi yaron nan da buhun masara ya ɓata mata ɗa.

Da ta koma gida ta zaunar da Bilya a kan cinyarta, ta tambaye shi a hankali ko yana zuwa makaranta. Ya gyaɗa kai. Ta ce ya dube ta ya faɗa da bakinsa, sai ya ƙanƙame ta yana kuka marar sauti. Ta ɗauka tsoron bulala ne, ta rarrashe shi ta ce ba wanda zai taɓa shi. Amma ta lura yaron ya rame, ya bar wasa, ko rijiya za ta sai ya biyo ta yana riƙe da gefen zanenta. In ta yi tari sai ya zabura ya zuba mata ido, kamar mai jiran wani abu ya faru.

Kafin mako ya zagayo magana ta gama unguwa. Wata ta ce ta gan ta a kasuwar Faskari da yaron ɗauke da faranti, wata ta ce ai ba talla ce kaɗai ke kai ta Faskari ba. Masu sayen man gyaɗarta suka ɗauke ƙafa, waɗanda suke cin bashin ƙuli-ƙulinta ma suka fi kowa tsawon harshe. Malam Gide ya saka babbar riga ya tafi wurin mai gari da fuskar tausayi, ya ce shi ba don kansa yake magana ba, amanar ɗan'uwansa ce ke hana shi barci. Mai gari kuwa yana da umarni daga sama cewa duk wanda ya hana yaro karatu a hukunta shi. Ya ce ranar da aka koma makaranta za a zauna, in malami ya tabbatar da abin da ke cikin kati, yaro zai koma hannun baffansa, uwa kuma ta tattara ta koma Ketare.

Safara'u ta ji duniya ta yi mata zafi. Ta bar Bilya wurin Tabita, ta hau bayan wata motar kaya ranar kasuwa har Sabuwa, garin su malamin, inda ya tafi hutu. Ta yi ta tambaya har aka nuna mata gidan. Tana ganinsa ta zube ƙasa, kuka ya ci ƙarfinta.

"Malam, mi na yi maka? Mi maraya ya yi maka? In abu aka ba ka, ka hwaɗa mani in sayar da abin da nike da shi in ba ka wanda ya hi shi, ka maida mani gaskiyar ɗana..."

Malam Abdulkarim ya ce ta tashi ta jira shi. Ya yi alwala, ya shiga ɗaki ya ɗauko Alƙur'ani ya dafa a gabanta, ya rantse bai rubuta ko ɗigo na ƙarya ba. Ya ce Bilya ne ɗalibin da ya fi so, rashin ganinsa ya dame shi har ya yi niyyar zuwa gida, sai ga baffan yaron ya zo makaranta da kansa, har da ƙwalla, ya ce uwar ce ke janye shi talla, ya roƙe shi kada ya je gidan domin matar ba ta da miji, kada mutane su yi masa mummunar fassara. Ya ƙara da cewa a 'yan ranakun da Bilya ya zo, barci yake yi a kan benci, tafin hannunsa duk kanta. Safara'u ta kwance katin daga bakin zane ta sake dubansa. Ashe katin da take tsine wa gaskiya ya faɗa, malamin da take zargi kuma shi ma wasa aka yi da hankalinsa. Yanzu ta san inda za ta duba, amma ba ta da shaida, kuma wa zai saurari bazawara a kan mai babbar riga? A kan hanyar dawowa ba abin da take yi sai addu'a, tana cewa, ya Allah, Kai ka ba ni yaron nan bayan Ka karɓi biyu, kada Ka bari a raba ni da shi a kan ƙarya.

Ranar zama zauren mai gari ya cika har waje. Aka kira malami, ya ce abin da ke kati gaskiya ne, ya kuma faɗi zuwan Malam Gide makaranta. Malam Gide bai musa ba, ya ce ƙwarai ya je, ai wannan ma shaida ce cewa shi kaɗai ne ya damu da karatun yaro. Mutane suka gyaɗa kai. Safara'u ta ce tana zargin yayan mijinta ne ke tare yaron a hanya, zauren ya ɗauki salati, wani dattijo ya ce a ji tsaurin ido irin na matan yanzu. Mai gari ya jawo Bilya kusa ya tambaye shi inda yake zuwa in ya bar gida. Yaro ya dubi baffansa, baffan ya ɗan shafa aljihun rigarsa, sai yaro ya sunkuyar da kai ya danne bakinsa da hannu biyu. Aka yi juyin duniya bai ce uffan ba. Mai gari ya nisa, ya yanke hukuncin da ya riga ya faɗa.

Malam Gide ya miƙe ya damƙi wuyan hannun yaron. Safara'u ba ta yi kururuwa ba. Ta matso da gwiwa ta gyara wa ɗanta wuyan riga, hawaye na ɗiga a kan hannunta.

"Tahi, Bilya, ka bi baffanka, ka yi mashi biyayya," in ji ta. "Ni dai na san ba ni kai kakar bana da rai. Ranar da aka hitar da ni garin nan babu kai, ranar na mutu."

Yaron ya tsaya cak. Ya dubi uwarsa, ya dubi baffansa, sai ya fizge hannunsa da wani ƙarfi da ba wanda ya san yana da shi.

"Baffa, ka ce in na yi shiru ba ta mutuwa! Ka ce in na yi shiru!"

Cikin shessheƙa maganar ta riƙa fitowa gutsi-gutsi. Yawancin ranaku baffansa na jiransa a gindin tsamiyar da hanya ta rabu, ya tuɓe masa rigar makaranta ya rataye a bukka don kada ta yi datti, ya sa shi ɗibar ruwa da gwangwani yana ban ruwan albasa a lambu, sai an ji ƙarfen tashi daga makaranta ya mayar masa da rigar ya ce ya tafi gida. Ya nuna masa wata laya, ya ce da ita ya sa gini ya faɗo wa ubansa, kuma ranar da ya buɗe baki uwarsa za ta faɗi matacciya kafin ya rufe shi. Innalillahi... yaro ɗan shekara bakwai yana ɗauke da wannan a ƙirjinsa wata da watanni, yana tsammanin ran uwarsa a bakinsa yake!

Malam Gide ya fara rantse-rantse, yana cewa uwar ce ta kitsa masa. Sai wani tsoho mai suna Ɗanhausa, wanda lambunsa ke maƙwabtaka da na Malam Gide, ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa. Ya ce shi kam duk rani yana ganin yaron yana jan ruwa, ya ɗauka an cire shi daga boko ne kamar yadda kowa ke so ya cire nasa, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa. Mai gari ya sa aka laluba aljihun Malam Gide aka fito da layar, liman ya farke ta a gaban kowa, ba komai a ciki sai tsumma da ƙasa. Gumi ya karyo wa mutumin, rawaninsa ya warware bai ma sani ba. A ranar aka tasa ƙeyarsa zuwa gaban alƙali a Faskari, inda ya sha ɗauri, ya fito ya tarar ko gaisuwarsa ba mai son amsawa. Fadama da shanu suka tabbata a hannun Safara'u, matan da suka yi da ita suka riƙa zuwa da kai a ƙasa suna neman gafara, kuma zangon da ya biyo baya Bilya ya koma matsayinsa na ɗaya.

Amma a wannan rana, a cikin zauren, Bilya bai ga an kama baffansa ba, bai ji hayaniyar jama'a ba. Tun da ya gama magana ya faɗa jikin uwarsa, ya manna kunnensa a ƙirjinta, ya rufe ido gam yana jira. Can da ya ji shiru ya yi yawa sai ya ɗago kai a tsorace.

"Inna... na hwaɗa. Yaushe za ki mutu?"

Safara'u ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta ce, "Ba yau ba, ɗana. Raina ba ya hannun kowa sai Allah. Tashi mu tahi gida, ko karin sahe ba ka yi ba."

Mai gari ya juya fuskarsa wajen bango, yana share ido da bakin rawani.